Cinyar Ragon da ke Shanye Mana Wuta

Jama'a, yau na kama mai shanye wutar gidanmu, kuma ba mutum ba ne!

Kun san gidanmu na Kiru, mun haura mutum ashirin. Katin mita na wata guda, kwana goma ya ƙare. Yau da hantsi na ce ya isa haka. Na kashe fankoki, na zare talabijin, na ƙwace hitar matan gida. Na leƙa mita, gudu take abinta!

Sai Inna ta ce, "Tsaya, mene ne ke gurnani a ɗakin ajiyar babanku?"

Da ƙyar Baba ya miƙo makulli. Ashe wata tsohuwar firiza ce ƙatuwa, murfinta ko rufuwa ba ya yi. Me ke ciki? Cinyar rago ɗaya tal!

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Rabon Baffanku ne na layya. Zai zo ya ɗauka."

Wata takwas ke nan fa! Nan take na kira Baffa a Doguwa. Ya kwashe da dariya, ya ce, "Ka gaya wa Yaya haƙora biyu suka rage min, ku cinye abinku!"

Ina zare firizar, mita ta lafa. Cinya na tukunya yanzu, kuma da icce muke dafa ta!