Wata Takwas Bashar Yana Neman Ma'aunin Maganinsa

Duk mai noman rani a fadamun Bunguɗu ya san Bashar. Idan injin ban-ruwa ya ƙi tashi, wajensa ake kaiwa, domin da jin ƙarar inji kawai yake gane inda cutar take. Kai masa inji ba wuya, karɓowa ne aiki. Rumfarsa da ke bakin hanyar Sakkwato kullum cike take da injuna a kwakkwance. Yana tsakiyar gyara wannan, sai a sauke wani, ya ce bari ya ɗan leƙa, daga nan sai ka gan shi can yana taya mai faci hira da sifana a hannu.

Haifaffen Tsafe ne. A firamare malamai sun ce yana da kai amma ba ya da mazauni, an dake shi har an gaji. Daga aji uku na sakandare ya bari, aka kai shi koyon gyara a Sabon Garin Gusau, ya ƙware, ya koma Bunguɗu ya auri Maijidda. Yana da shekara talatin da shida, da 'ya'ya uku, lokacin da abin Malam Mamman ya faru.

Malam Mamman manomin albasa ne. Ya kawo injinsa, aikin da bai fi awa ɗaya ba, Bashar ya ce gobe. Goben nan ta kai kwana tara. Ranar da dattijon ya zo na ƙarshe bai yi faɗa ba. Ya sa aka tattara masa injin a buhu, ya ce, "Na san ba mugunta gare ka ba, Bashar. Amma albasata ta ƙone." Bashar ya wuni bai iya kallon kowa ba.

Ƙanwarsa Halimatu Sadiya, wadda ke aikin jinya a Gusau, ita ta fara kawo maganar asibiti.

"Yaya, ina ganin ka ga likitan ƙwaƙwalwa."

"Na mahaukata? Ni kike gaya wa haka?"

"Ban ce ka haukace ba. Akwai lalurar da ke hana mutum tattara hankali wuri ɗaya, kuma tana da magani. Tun muna yara haka kake."

Sai da ya yi wata guda yana fushi da ita, sannan ya kira ta da kansa. A asibitin gwamnati aka rubuta masa ranar ganin likita bayan wata huɗu. Halimatu ta ce ba zai iya jira ba, ta samo wani asibitin kuɗi a Gusau inda wata likita, Dakta Adama, ke zuwa daga Sakkwato Asabar ɗin farko ta kowane wata. Kuɗin ganinta ba kaɗan ba ne, amma Maijidda ta ce a je.

Asabar ta farko, Bashar ya fito da shirinsa, wani ya tare shi da inji a babur, Bashar ya ce bari ya duba minti biyar. Da ya isa Gusau likita ta tashi. A lissafinsa ma, motarta ta wuce ta gaban rumfarsa sau biyu a ranar.

Wata na biyu Maijidda ta raka shi da ƙafarta. Likitar ta fi awa guda tana tambayarsa: barcinsa, makarantarsa, ko yana shan wani abu, sau nawa yake ɓatar da mukulli. Ya ɗauka daga nan sai magani. Sai ta miƙo takardu uku, ɗaya tasa, ɗaya ta matarsa, ɗaya ta wanda ya san shi tun kafin ya kai shekara goma sha biyu.

"Likita, ni da na zo don ba na iya gama abu, shi ne za a ba ni takardu in je in cike?"

Ta yi murmushi ta ce haka tsarin yake, ba za ta ɗora masa lalura ba sai ta tabbatar. Takardarsa ta ɓace cikin mako. Ta mahaifiyarsa kuwa ba ta da amfani, don Inna Delu ba ta karatun boko, kuma ta ce ba za ta faɗi sirrin ɗanta a waya ba. Dole a wata na uku aka ɗauko tsohuwa daga Tsafe.

Inna Delu ta zauna gaban likita tana riƙe da carbi. "Awo, tun yana ƙanƙane haka shike. In na aike shi sayen gishiri, sai a gane shi bakin kasuwa yana kallon masu ƙira. Ba inda ba mu kai shi ba. Rubutu ya sha shi har ya gaji. Ni dai na ce halinai ne."

A ranar likitar ta gaya masa sunan abin. Ta ce a asibiti ADHD suke ce masa, ƙwaƙwalwa ce ba ta iya riƙe hankali kan abu ɗaya, kuma ba lalaci ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Inna Delu ta ce, "Ashe dukan banza yaron ga ya sha."

Aka auna jininsa da bugun zuciyarsa da nauyinsa. Likitar ta rubuta masa mafi ƙanƙantar ma'auni, ta ce ba a sanin abin da zai dace da mutum sai an gwada, a ƙara ko a rage sannu a hankali.

Ya zaga shagunan magani biyar a Gusau, babu. A na shida, mai shagon ya dubi takardar, ya dubi rigar Bashar mai baƙin mai, ya ce, "Malam, mu ba mu sayar wa 'yan ƙwaya." Bashar ya ce ga hatimin likita nan. Mutumin ya juya ga wani mai saye. Sai da Halimatu ta sa aka aiko daga Kano, bayan kwana goma sha biyu.

Ya yi mako biyu yana shan maganin bai ji komai ba. An yi da likitar za ta kira shi a waya ranar Laraba da ƙarfe huɗu don a duba. Ta kira, layi ya yi ta yankewa, sai "Kana ji na?" har sau shida, daga nan ta shiga ganin wani mara lafiya. Ya jira har Asabar ɗin wata mai zuwa kafin a ƙara masa.

Wannan karon abin ya yi aiki. Ranar farko ya zauna kan inji ɗaya, ya gama, ya tayar, ya ja na biyu. Kafin azahar ya gama uku. Mai faci ya kira shi hira, ya ce yana zuwa, kuma bai je ba. Ya gaya wa Maijidda cewa kamar an kashe rediyo biyar da ke kunne cikin kansa tun haihuwarsa. "Ashe haka ku kuke ji kullum?" in ji shi.

Amma abinci ya fita ransa. Kwanon rana sai ya koma gida yadda ya zo. Zuciyarsa na bugawa kamar ya yi gudu, kuma da la'asar ta yi, maganin ya sake shi, sai ya zama mutum mai saurin hasala. Ya daka wa ƙaramar 'yarsa tsawa don ta zubar da ruwa, abin da bai taɓa yi ba. Maijidda ta ce, "Baban Uwani, injuna sun samu lafiya, mu kuma mun shiga uku."

Ya ƙagu Asabar ta zo. Ranar Juma'a asibitin ya turo saƙo cewa likita ba za ta samu zuwa ba, hanya ba lafiya. Sai Bashar ya yanke wa kansa hukunci: yau ya sha rabi, gobe ya sha duka, jibi ya bari. Da likitar ta zo a wata na gaba ya faɗa mata, ranta ya ɓaci.

"Yanzu ta yaya zan san abin da ya yi maka aiki?"

"Ni kuma ta yaya zan same ki? Wata guda zuciyata na dukan ƙirjina, wa zan tambaya?"

Ta ce yana da gaskiya. Ta sauya masa zuwa wani iri mai sakin kansa a hankali cikin yini, ta ba shi lambar wata ma'aikaciyar jinya da zai riƙa kira. Shi kuma wannan irin, har Kano aka ce ya yanke. Bashar ya yi mako uku babu magani ko ɗaya.

Ya ce waɗannan makonni sun fi masa duk shekarun baya zafi. Da can bai san akwai wani hali ba. Yanzu yana kallon kansa yana ajiye inji a buɗe, ya san abin da ke faruwa, ya kasa tsayawa. Wata rana ya rufe rumfar tun hantsi, ya koma gida ya kwanta, ya ce wa Maijidda ya haƙura, a bar shi yadda Allah Ya yi shi. Ita ce ta ci gaba da kiran Halimatu kullum safe har maganin ya samu a Kaduna.

Sai a wata na takwas aka dace da ma'aunin da ya zauna masa. Ba ya ba shi kaifin nan na kwanakin farko, amma yana cin abinci, kuma yara sun daina gudu idan ya shigo. Yanzu ba ya karɓar fiye da inji biyu a rana. Wasu manoman sun dawo, wasu sun riga sun saba da wani mai gyara a Gusau.

Har yau kowane wata sai ya je an auna jininsa an sabunta takarda, kuma duk wata sai an yi farautar maganin. A zuwansa na baya-bayan nan ya tarar Dakta Adama ta samu aiki a wani gari, wani saurayin likita ne a kujerarta. Ya buɗe fayil ɗin, ya yi ta juya shafuka, ya ce yana ganin ma'aunin ya ɗan yi yawa, zai so a rage a gani.

Bashar ya dafe teburin da hannu biyu. "Likita, don Allah karanta daga farko. Ina nan zaune, ba inda za ni."

Likitan ya dube shi, ya koma shafin farko. Bashar ya zauna minti ashirin cur har likitan ya gama. Ya bar masa ma'aunin yadda yake, amma ya ce na wata ɗaya ne kawai, sai ya sake gani.