Tokar Yaya Dije

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Dije makwancinta a Matankari. Kowace shekara nakan yi mata addu'a in yi shiru. Bana shirun ya ƙi, domin na ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya, da tsufana.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aka tura lakwal, makarantar boko, ita tana gida tana tuyar masa, kuma a unguwarmu murhunta ne ba ya mutuwa. Zamanin da ashana ke wuya, mata kan zo da safe ɗiban wuta. Toka kawai za ka gani, fara fat. Sai ta riƙa yawo da bayan hannunta a bisa tokar, ta tsaya, ta tona da tsinke, sai ga garwashi ja wur.

Shekarar da na dawo daga karatu a Dakar, da kaka, muna zaune a tsakar gida bayan cin tuwo, ina ta zuba wa dangi ilimin sama. Na nuna musu farin layin nan da ya ratsa ta, wanda Faransawa ke kwatantawa da nono, Larabawa kuma da hanyar masu ɗaukar ƙaiƙayi. Na nuna baƙaƙen wuraren da ke tsakiyarsa, na ce nan fili ne, babu komai.

Yaya ta ce, "Ba fili ba ne, toka ce. Akwai wuta ƙarƙashi, rufe ta aka yi."

Na ce, "Yaya, sama ai ba murhun masa ba ce." Gida ya kwashe da dariya. Ta ce, "To, Mushe," yadda ake kiran malaman lakwal, ta tattara kwanoni. Ba ta sake tayar da zancen ba har ta bar duniya. Ni kuwa na yi yawo da labarin daga Yamai zuwa Abijan, na ba mutane dariya da shi cikin harshe uku. Har ta kai jikokinta, in wani ya yi shirme, sukan ce "tokar Kaka". Ni na jawo mata wannan.

Bana na je Faransa ganin ɗana, ya kai ni wani ɗakin nunin taurari. Aka nuna mana hoto biyu na wuri ɗaya a cikin layin nan. Na farko baƙi ƙirin. Na biyu kuwa taurari ne cunkus, a dunƙule kamar an juye buhun gero. Mai bayanin ta ce gajimaren ƙura ne ke tare hasken da idonmu ke gani. Amma akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda fata ke ji a matsayin ɗumi, shi yana ratsa ƙurar. Da shi na'urorin hangen nesa ke zaƙulo tarin taurarin da ba a taɓa gani ba, wasu ma a cikin ƙurar aka haife su, kuma har yanzu ana samun sababbi.

Bayan hannun Yaya ne aka ƙera da ƙarfe da gilashi! Na miƙe tsaye, ɗana yana jan rigata. Na tambayi matar yaushe aka gano ƙura ce. Ta ce tun kafin a haife ni. Ashe ko a daren nan, littafi yana bayan Yaya. Ni ne ban karanta shafin ba.

Da tana raye, na san ba za ta yi mamaki ba. Za ta tambaya ko masu na'urar sun iya mayar da toka bayan sun ɗebi wuta.

Da na dawo gida Dogon Dutsi, ko jaka ban kwance ba, na hau kabu-kabu zuwa Matankari. Na sa Rabi, ɗiyar Yaya, ta tara gida, a tsakar gidan nan dai. Na nuna hotunan a waya, na ce Yaya ce da gaskiya, ni na yi shirme, kuma daga yau kada in sake jin "tokar Kaka".

Rabi ta daɗe tana kallon taurarin. Sannan ta ce, "Kawu, to in mutum ya yi shirme mi za mu ce?"

Babbar jikar Yaya, wadda ke goye da nata ɗan, ta ce, "Filin Mushe."

An yi dariya fiye da ta wancan daren, kuma na fi kowa. Yaya ba ta bar gona ko takarda ba. Ta bar mana hannun da ba ya yanke hukunci kan toka sai ya ji. Allah ya haskaka kabarinta. Sabon sunan kuwa na karɓa, a ci gaba da kiran shirme da shi.