Shinkafar Kirsimeti da Na Mayar

A Roni na tashi, a hannun kakata Inna Daso, Bafillatana mai kaifin baki. Da an idar da sallar magariba takan zauna bakin murhu, mu jikokinta mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya tana zungurar itace.

Wata ranar Kirsimeti, ina 'yar shekara tara, ƙawata Rifkatu, 'yar maƙwabtanmu Kiristoci, ta kawo mana shinkafa da naman kaza. Da ma wata yarinya a makaranta ta ce min yankansu ba ya ciwuwa. Sai na tare ta a zaure, na ce, "Mayar da abinki, ba ma ci." Ta juya idonta cike da hawaye. Ashe Inna na jin mu.

Bayan magariba aka zauna tatsuniya.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya tare ta," in ji Inna.

Wai saniya da balbela aminai ne. Balbela na cire mata kaska, in kuma ta hango kura sai ta tashi sama, saniya ta gane ta gudu. Rannan kura ta raɗa wa saniya cewa wanda bai cin ciyawa ba ɗan'uwanta ba ne. Saniya, sarkin wauta, ta kaɗa wutsiya ta kori balbela. Kaska ta cinye ta, ranar da kura ta dawo kuma babu mai tashi sama.

Inna ta dube ni. "Ke malama, kin san wa ya yanka kazar nan? Baffanki. Tun da sassafe uwar Rifkatu ta kawo masa ita, don mu iya ci. Kowace shekara haka take yi. Ita ta kiyaye miki addininki, ke kin kasa kiyaye mata mutuncinta."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Da gari ya waye ta ɗora min ƙwaryar fura da nono, ta ce in ban dawo da Rifkatu ba kada in dawo. Sai da na ba da haƙuri sau uku kafin Rifkatu ta ɗago kai.

Yau ina jin labarin ƙungiyoyin Musulmi da Kiristoci masu neman zaman lafiya a ƙasashe daban-daban, ni ma ina cikin wata ta mata a Kazaure. Ina alfahari da cewa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ita ta fara koya min aikin.

A shekarar da jita-jitar rikici ta sa wasu baƙi haɗa kayansu su bar Roni, na ruga gidan Rifkatu. Na tarar da ita tana tsince wake, na tambaye ta ko ita ma tafiya za ta yi.

Ta ce, "Haba ƙawata, ina zan je? In bar garin da aka ɓata min rai, aka biyo ni har gida aka ba ni haƙuri?"