Liƙin roba ba da wuta ba

Yayana mai liƙin roba ne a kasuwar Karaye. Bokiti ko buta in ta tsage, da ƙarfe mai zafi ake liƙe ta, bayan sati biyu ta koma ɗiga. Wannan ya dame shi. Kusan shekara uku yana ɓata mana robobin gida, har ya gano cewa in ya ɗaura sandar roba a injin wasa wuƙa, tana juyawa a kan tsagar, gugar kaɗai kan narkar da su su kama juna. Ba gawayi, ba hayaƙi, kuma ba ɗiga.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka yi bikin nuna amfanin gona, aka ce akwai takardar yabo ga wanda ya ƙirƙiro sabon abu. Takardar nan yake so, don a san shi ya fara. Da ya nuna dabararsa, alƙalan bikin suka hana shi, suka ce abin a fili yake, wa bai san guga tana kawo zafi ba? Lokacin ina koyarwa a Yammedi. Ni na matsa masa ya kai kuka gaban shugaban kwamitin bikin, ni na raka shi.

Yaya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, aka gaisa, ya liƙe bokiti a gabansu. Shugaban ya tambaye shi ko ya sha wuya kafin ya gano. Yaya, wanda aka horar kada ya yabi kansa gaban manya, ya sunkuyar da kai.

"Ai ba wani abu ba ne, ranka ya daɗe."

Magatakarda ya rubuta. Shugaban ya ce to, tunda mai abin da bakinsa ya faɗa, magana ta ƙare. Duk wanda ke ɗakin nan ya san kunya ce, su ma haka suke cewa in an yaba musu. Sun sani sarai, suka yi kamar ba su sani ba. Har yau in na tuna fuskokinsu sai raina ya ɓaci.

Kafin damina masu liƙi a kasuwar Rogo duk sun ɗauki dabarar. Wata rana muna tare da Yaya na tambayi ɗayansu wa ya fara wannan dabara. Ya ce ai tun kaka da kakanni haka ake yi. Yaya ya yi masa sannu da aiki, muka wuce.