Goron da Aka Aiko Daga Rayfield

Har gobe in kuka tambayi matan layinmu a unguwar Rikkos ta Jos abin da ya sa mahaifiyata ta daina kiɗan ƙwarya, za su ce tuba ta yi. Wasu su ce ciwon gwiwa ne, wasu su ce wa'azin kawuna ne ya ratsa ta. Duk ba haka ba ne. Kawun nan ya shekara da shekaru yana zuwa da wa'azinsa, ta zuba masa shayi ya sha ya tafi. Gwiwa kuwa, a zaune ake kiɗan ƙwarya. Ina wurin aka yi komai, kuma tunda na ga kun sake tayar da musun waɗanne mawaƙa ne suka fi tasiri a shekarun dubu biyu, bari in ba ku nawa labarin. Ba zan kama sunan kowa ba. Masoyan mawaƙa ba su da haƙuri, ni ma ba ni da shi.

Shekarun baya, na gama sakandare ina zaman gida, sai wani gidan rediyo ya buɗe fili ana bugo waya, kowa ya faɗi gwaninsa na waɗannan shekaru goma da suke shirin ƙarewa. Musun ya bar rediyo ya shigo tsakar gidanmu ya yi zamansa. Yayana, wanda yake acaba a lokacin, yana bayan mawaƙan fim masu kiɗan fiyano. Hujjarsa ita ce duk fasinjan da ya ɗauka, in wayarsa ta yi ƙara, waƙarsu ce take tashi. Ni kuma ina bayan yaranmu na Jos da suka tafi Legas suna waƙa da Turanci da Broka.

"Naka fa, in ka wuce Abuja ba wanda ya san su," in ce masa.

"Naki kuma ko ke ba kya jin rabin abin da suke faɗa. Da Turancin naki da kika sha da ƙyar a jarrabawa."

Haka muke yi kullum, har abinci ya huce. Mahaifiyata tana gefe tana tsince shinkafa ko tana gyaran wake. Ita kaɗai ce mawaƙiya a gidan, amma ba wanda ya taɓa juyawa ya ce, Mama, ke me kika gani?

Tun tana budurwa take kiɗan ƙwarya, tun a barikin masu haƙar kuza inda kakannina suka zauna kafin su dawo cikin gari. Ita ce mai bayar da waƙa, tana da 'yan amshinta, tana da ƙoren da ake kifawa a tabarma da babbar da ake kifawa a bahon ruwa. Kuma ba a zuwa a yi ciniki da ita kamar mai sayar da tumatir. Uwar biki ta aiko da goro, ɗan aike ya faɗi rana. In Mama ta karɓa ta gutsura, magana ta ƙullu, ko ana ruwan ƙanƙara za ta je. A shekarun da nake ba ku labari goron ya yi ta raguwa, har ƙoren suka koma saman wadirob suka zauna. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Cewa take gari ne ba daɗi, mutane ba sa biki kamar da.

Wata rana da hantsi sai ga direba daga Rayfield, unguwar masu hali. Wata Hajiya ce ta aiko shi, tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya samu muƙami suka tashi. Mama ce ta yi kiɗan sunan 'ya'yanta duka. Yanzu za ta aurar da autarta. Direban ya miƙa ƙullin goro da katin gayyata mai ruwan zinariya. Kafin ya kai ƙofa Mama ta gutsura.

"Mama, ga kati fa," na ce. "Gayyata ce kawai. Ki je ki ci shinkafa ki dawo."

"Kati na 'yan boko ne. Ni goro aka aiko min."

"Kowa ma an haɗa masa da goro."

"Ke kin bi gida-gida kin gani?"

"To bari in kira ta a wayar Yaya mu ji."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ki kira ta ki ce me? Wai uwata tana tambaya ko kina so ta yi miki kiɗa? Sai ka ce mai neman aikin wanke-wanke. Gidan nan ba su taɓa aiko min da goro don in je in zauna a kujera ba."

Na bar maganar, abin da ba na yi. Ba don ta ci ni da hujja ba, sai don yadda na ga ta miƙe ta jawo kujera ta hau, tana sauko da ƙoren ɗaya bayan ɗaya tana hure su. Ɗaya ta tsage, aka kai wa mai ɗinki. Ta aika a kira 'yan amshi, ashe biyu suka rage. Ɗaya maƙwabciyarmu ce. Ɗayar kuma ƙawarta ce Kirista da ta koma unguwar Daɗin Kowa bayan rikicin Jos, ba ta sake taka Rikkos ba sai ranar. Ta sauko daga tasi tana waige-waige, suka rungume juna a zaure, ita tana kuka Mama tana yi mata tsiya wai ta yi ƙiba. Sati guda gidanmu yana amsa kuwwa da gwaji. Ni aka ɗora wa ɗaukar baho.

Ranar yini muka isa Rayfield bayan azahar. An kafa kanofi a filin gidan, ga sifiku biyu kowanne ya kai tsayin mutum, ga wani matashi da hular hana sallah yana canza faifai. Mai gadi ya kalli bahon da ke kaina ya nuna mana lungu.

"Masu wanke-wanke ta baya."

Kafin in ba shi amsar da ta zo bakina, Hajiya ta hango mu ta taho da fara'a. Tana ganin ƙoren fara'ar ta tsaya mata a fuska. Ta dubi Mama.

"A'a, Yaya, har da kaya kuka zo?"

Mama ta gane a take. Na ga ta gane, don ta gyara gyalenta sau biyu alhali bai zame ba. Hajiya ba muguwa ba ce, kunya ce ta kama ta. Ta ce mu zauna, bari a ga yadda za a yi. Aka shimfiɗa mana tabarma can bayan kanofi, kusa da masu tuƙa tuwo. Mama ta ce in ɗebo ruwa in cika baho. Na cika. Ta kifa ƙwarya, ta ɗan ɗaga gefenta tana rage iska har sautin ya yi mata, sannan ta ajiye sanduna a cinya ta zauna.

Aka yi la'asar muna nan. Na sunkuya na ce mata, "Mama, mu tafi. Ba za a kira mu ba."

"Na ci goro," ta ce.

Can sai janareta ya yi tari ya mutu. Wurin ya yi tsit, har ana jin ƙarar cokula. 'Yan mata suka fara guna-guni, maza biyu suka nufi janareta da sifana. Sai ga Hajiya da sauri tana riƙe da bakin leshinta.

"Yaya, don Allah ku ɗan taimaka mana kafin a gyara."

Kafin a gyara. Da ni aka faɗa wa haka, da na zubar da ruwan na kama hanya. Mama ta ce, "Ba komai." Muka ja tabarma zuwa tsakiyar fili.

Ba zan yi muku ƙarya in ce duniya ta girgiza ba. Da farko ƙawayen amarya dariya suke, suna nuna ta da baki. Amma Mama ta ɗauko waƙarta ta matan kuza, wadda take jero sunayen matan da suka ɗauki kwanon ƙasa a ka a ramukan haƙa, kowacce da barikinta da sunan mijinta da abin da aka san ta da shi. Wata rowa, wata iya miya, wata ta taɓa marin ɗan kwangila. Tsofaffin da ke zaune kamar an dasa su suka fara motsi. Duk wadda aka zo kan uwarta ko gwaggonta sai ta miƙe ta shigo fili. Wata tsohuwa ta jefar da sandarta. Har 'yan matan suka daina dariya, na ga kafaɗun wasu suna bin kiɗan.

Kowa a cikin manyan ya san jerin, ya san mahaifiyar Hajiya ce ke tafe. Hajiya ta riga ta tashi, ta ɗaure gyale a ƙugu tana jira, idonta ya kawo ruwa. A nan janareta ya kama.

Yaron mai canza faifai bai yi da gangan ba, faifan ne ya tashi da kansa. Waƙar amarya ce da aka buga a situdiyo, da sunanta da na ango a ciki. 'Yan mata suka yi shewa suka cika fili. Ina kallon bakin Mama yana motsi, hannunta yana sauka a kan ƙwarya, ruwa yana rawa a baho, amma ko ni da nake gefenta ba na jin komai. Ta ci gaba a haka har ƙawarta ta Daɗin Kowa ta dafa mata hannu. Na ɗauki bahon na juye ruwan a gindin fulawa.

Hajiya ta biyo mu har mota da kular abinci da turmin atamfa, tana ta ba da haƙuri. Mama ta yi mata addu'a, ta sa wa amarya albarka. Muka shiga tasi muka koma Rikkos.

Washegari da safe yayana, wanda ya ji labarin rabi da rabi, ya ga ya samu makami.

"To Malama, jiya waƙar wa ta tayar da mutane? Ta 'yan Legas ɗinki?"

"Yaya, ka rufe min baki yau."

"Ai gaskiya ce ba kya so. Fiyano ya gama da kowa."

Ina shirin jifansa da murfin tukunya sai ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ji Mama."

Tana bakin famfo tana wanke ƙoren, tana rera wani abu ƙasa-ƙasa ta hanci. Waƙar amaryar nan ce ta jiya, ta situdiyo. Tiryan-tiryan, har da inda muryar take lanƙwasa. Yayana ya fashe da dariya.

"Shi ke nan, musu ya ƙare. Mama ta jefa ƙuri'arta."

Ta ɗago. "Me na yi?"

Ya gaya mata, yana ta dariya. Ta tsaya da soso a hannu, famfo yana zuba. Sai ta kashe shi ta zauna a kan turmi. Yayana ya ga fuskarta, dariyar ta maƙale masa.

"Kun dame ni da musun nan wata da watanni," ta ce. "Sayar da kaset ba shi ne girman mawaƙi ba. Ku saurari mace tana wanke-wanke ita kaɗai. Waƙar da ta fito mata ba ta sani ba, mai ita shi ne babba. Da a layin nan ni ce. Yanzu ko a bakina ba ni ba ce."

Ta ƙarasa wankin, ta shanya su a rana. Kafin mako ya zagayo ta ba mai fura babbar, ƙananan ta raba wa maƙwabta suna bakace. Kawuna ya ji labari ya zo da murnarsa, ya ce Allah ya karɓi tubarta. Ta ce amin. Ina jin ya fi mata sauƙi a ce tuba ta yi.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan janareta, da Hajiya, da yaron mai hula. Daga baya na fahimci duk wannan da ta shanye, don ta sha ganin wulaƙancin gidan biki tun ba a haife ni ba. Abin da ya faru a bakin famfo ne ba ta iya shanyewa ba, saboda a nan ba wanda ya yi mata komai. Ni kuwa tun ranar musun mawaƙa ya fita raina. Yayana ne ya ci, na yarda. Sai dai gwanayen nasa ma yanzu yaransa ba su san su ba, in ya kunna su sai su ce Baba ya fara tsofaffin abubuwansa.

Abin da yake ci min rai shi ne matan nan na kuza. Ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, a cikin kan Mama kawai suke, ita kuma ta fara kiran jikokinta da sunan juna. Ƙawarta ta Daɗin Kowa ta rasu, maƙwabciyar ta koma wurin 'yarta a Bauchi. Na taɓa kai mata waya na ce ta rera in ɗauka, ta ture hannuna.

"Ba mata, ba amshi, in zauna in yi wa ƙarfe waƙa?"

Lallashi ba fannina ba ne, na gwada na kasa. Amma na san inda na gado rashin haƙuri. Mama ba ta iya ganin ana ɓata abu ta yi shiru, ko da yankan albasa ne. Don haka ranar Asabar zan je Rikkos in kwashe kwanukan gidan in kai bakin famfo, daidai saitin tagarta. Zan ɗauko waƙar matan kuza da muryar nan tawa mai kama da ƙofar langa-langa, in kai wannan matar barikin da ba nata ba, in ba waccan mijin wata. Zan yi ta yi da ƙarfi, har sai ta leƙo ta ce min ba haka ba ne.