Ƙyaure Goma Sha Ɗaya a Jingine

Ina tsaye a teburin yanka, almakashi a hannu, wayata ta yi ƙara. Magini ne, wanda ya yi wata biyu yana jiran a ce masa ya fara aiki a gidan da abokina ya saya. Kafin ya buɗe baki na riga shi: "To, yau kuma me ya cire? Rufin ne ya rage, ko shi ma ya sauke?"

Sai ya ce, "Tela, ajiye abin da ke hannunka ka zo. Mutuminka ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, tef ɗin awo a hannunsa. Mun kai shi asibiti, amma rai ya yi halinsa."

Na zauna a kan yadin mutane ina ta salati. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara faɗo mini a rai bayan salatin shi ne: saura kwana goma sha tara a tashi iyalinsa daga gidan haya, ga shi sabon gidan ko ƙyaure ɗaya babu a jikinsa.

Shekara ashirin da biyu shagonsa yana jikin nawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gyaran keken ɗinki yake yi. Dogo ne siriri, da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗaya ɓangaren zare ne ya ɗaura ya zagaya da shi bayan kunne. Duk layinmu na teloli ba mai kiransa da sunan yanka, Sai-an-kwance ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ka kawo masa keke ka ce zare ne kawai yake tsinkewa, zai gyaɗa kai ya ce, "Bari dai in duba." Ka dawo da rana ka tarar ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya baje keken nan kaf a kai, noti bayan noti, daga hagu zuwa dama, kowanne a wanke da mai yana ƙyalli. Ka ce, "Malam, gobe masu kaya za su zo!" Ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ba a maganin ciwon da ba a gani ba. Sai an kwance."

Babu telan da bai yi masa Allah ya isa ba, kuma babu wanda bai dawo ba, don keken da ya bi ta hannunsa sai ya shekara biyar bai yi tari ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa haɗa keke noti ya ragu a kan ƙyallen ba.

Matarsa, Maman 'yan biyu, gajeriya ce mai kaifin baki da tsabtar tsiya. Shekara goma sha huɗu suka yi a ɗaki da falo a saman bene, su da gida shida suna raba famfo ɗaya da banɗaki ɗaya. Ba ta taɓa roƙonsa zinariya ba. Abin da take cewa kullum shi ne, "Ni dai kafin in mutu a ba ni ƙofar da zan rufe ba wanda zai buga ya ce in yi sauri."

Da mai gidan hayar ya ba su wa'adin wata huɗu, wai zai rushe benen ya yi shaguna, sai abokina ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa ya sayi wani tsohon gida a ƙarshen layi, bayan kasuwar katako. Ɗaki uku ne da falo, da kicin, da banɗaki, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Shekara shida ba kowa a ciki. Dillali ya rantse fenti kawai yake so. Magini kuwa ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce, "Maigida, ga shawara. Mu gyara ɗaki ɗaya da banɗaki, sati biyu ya ishe ni. Ku shigo, saura a bi shi a hankali kuna ciki."

Matar ta ce haka ne. Ni ma na ce haka ne. Shi kuwa ya gyara zaman tabarau ya ce, "Bari dai in duba."

Da ma a lokacin na kama hannunsa na ƙwace akwatin kayan aikin.

Sati guda bai buɗe shago ba. Ran Lahadi na bi shi can. Tun daga bakin layi na hango gidan kamar bakin tsohuwa, ba haƙori ko ɗaya. Ya cire ƙyaure goma sha ɗaya ya jingine a gindin mangwaro. Ya cire tagogi takwas. Ya kwance kan famfo, da makunnin fitilu, da allunan silin na ɗaki biyu, ya shimfiɗa tamfol a tsakar gida ya jera su daga hagu zuwa dama, kowanne ya rubuta masa lamba da allin da ya ɗauka a shagona. Kajin maƙwabta sun shigo suna kiwo a falo.

Na ce, "Kai, mutumina! Lafiyarka ƙalau? Gida ne fa, ba keke ba!"

Ya ce, "Mene ne bambancin? Wannan dai ya fi girma."

"Bambancin shi ne ba a kwana a cikin keke! Ina za ka sa matar mutane da yara biyu?"

"Sannu-sannu ba ta hana zuwa."

"Ƙarasa mana! Sai dai a daɗe ba a je ba."

Ya yi murmushin nan nasa mai ƙona rai, ya miƙo mini ƙarshen tef ya ce in riƙe.

Kwana huɗu bayan haka aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Alli kuwa ba ya jin magana da ruwa. Da gari ya waye duk lambobin sun bi kwata. Ashe tsohon gida ba ƙofa biyu da suke daidai da juna, bango ya zauna nan ya karkace can, kowane ƙyaure an fere shi ne don gurbinsa kaɗai. Sati uku muka yi, ni da shi, duk ranar hutu, muna ɗaukar ƙyaure daga ƙofa zuwa ƙofa muna gwadawa kamar masu neman wa maraya riga a gwanjo. Bayana har yau bai yafe masa ba. In mun dace da gurbi, na ce, "Alhamdu lillahi, kawo noti mu ɗaure," sai ya ce, "A'a, sauke. Yanzu dai mun san wurinsa." Ya tsoma buroshi a jan fenti ya rubuta lamba a jikin ƙyauren da jikin bangon, ya zaro wani littafi irin na 'yan makaranta ya yi rubuce-rubuce, a mayar da ƙyaure gindin mangwaro.

Magini yakan zo ya zauna a kan bulo ya zuba tagumi. Rannan ya ce, "Maigida, shekara talatin ina gini, ban taɓa ganin wanda ya yi wa gida fiɗa ba sai kai."

Don in yi wa abokina adalci, ya ga abin da ba wanda ya gani. Da ya cire silin ɗin ɗaki na uku, wanda magini ya so a fara sa su a ciki, sai ga katakon rufin gara ta cinye shi, ka taɓa da yatsa ya zube kamar gari. Iska mai ƙarfi ɗaya da ya rufto a kan yara. Ya kira mu duka ya nuna mana, yana ta goge tabarau da bakin riga. Magini ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "A nan kam ka yi gaskiya. Amma sauran duk hauka ne." Ni kuwa na san mun shiga uku, don tun daga ranar ba mai iya ce masa ya bari.

Saura wata guda wa'adi ya cika Maman 'yan biyu ta zo shagona, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Tela, ka yi wa abokinka magana, ko in yi masa a gaban jama'a."

"Haba matarmu, shekara ashirin ina yi masa magana, kin ga alamar ta shiga?"

"Na ɗaure kayana cikin kwalaye, a kan kwali yarana suke cin abinci. Maƙwabta duk sun tashi, mu kaɗai muka rage a benen kamar aljanu. Jiya na ce masa, Baban 'yan biyu, ka rataya mini ƙyaure ɗaya tal, ko na banɗaki ne, in shiga in zauna. Ka san abin da ya ce? Wai in tsaya a jikin bango zai auna ni. Ni ce tagar?"

Na tuntsire da dariya, ita ma ta so ta dara, amma sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ba wasa take yi ba. Ba su da inda za su je.

A haka Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe da shi bai sani ba. Mutumin da ya kwance kowane keke a unguwa don ya ga cikinsa, bai taɓa bari an duba nasa cikin ba. Wannan ma ina jin haushinsa a kai.

Da masu gaisuwa suka ragu, saura kwana goma sha biyar. Maman 'yan biyu ta kira ni, ta miƙo mini littafin nan na 'yan makaranta, duk jan fenti a bangonsa. Ta ce, "A aljihunsa aka samu. Ni ba zan iya buɗewa ba."

Washegari teloli shida suka rufe shago suka biyo ni, ga magini, ga kafinta. Na tsaya a gindin mangwaro na buɗe littafin. Da manyan baƙaƙe ya yi rubutun, shafi-shafi, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ƙyaure na ɗaya, ƙofar waje, noti shida suna cikin gwangwani mai lamba ɗaya. Taga ta huɗu, a fara ɗaure sama, ƙasan ya karkace. Ɗaki na uku, kada kowa ya kwana sai an sauya katako tara, ga tsawon kowanne. Ni nake karantawa, su suna ɗaurawa. Mu da ba mu san komai ba sai allura da zare, ƙyaure ya riƙa shiga gurbinsa kamar hannu cikin aljihu.

Na zo shafi na goma sha bakwai. Ya rubuta: Kantar kicin, a sauke ta taƙi ɗaya, Maman 'yan biyu ba ta kaiwa sai ta yi ɗage. A ƙasa kuma: Ƙyaure na bakwai, banɗaki, a sa masa sakata mai ƙarfi ta ciki, daidai kafaɗarta. Ga awon a gefe.

Kwana goma sha uku muka yi. Ranar da muka gama, magini ya bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya yana kifewa. Ko noti ɗaya bai faɗo ba. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙanka, maigida. Amma wallahi da ka ji maganata da ka kwana a gidanka." Ba wanda ya musa masa, don gaskiya ya faɗa.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika suka tare. Ta shiga kicin ta ɗora kwano a kan kanta ba tare da ta ɗaga dunduniya ba. Ta tsaya cak. Na buɗe mata shafin na nuna mata. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Ka ga mugun mutum ko? Da ya faɗa mini da bakinsa, ai da ban yi masa faɗan da na yi ba." Ta wuce banɗaki ta ja ƙyauren, muka ji ƙarar sakata. Ta daɗe a ciki. Duk muka fita waje muka zauna, ba wanda ya buga.

Shagon da ke jikin nawa a rufe yake har yanzu, makullin yana wurina. Abokina ne ya ba ni, ana gobe zai rasu. Da yamma ne, ya leƙo da akwatin kayan aiki a hannu zai wuce gidan. Raina a ɓace yake, ko ɗaga kai ban yi daga keke ba.

Na ce, "Wai don Allah yaushe za ka mayar da ƙofofin nan? Saura kwana ashirin fa."

Ya ce, "Kwancewa ce mai wuya. Mayarwa ko kai za ka iya."

"Ni tela ne, ba kafinta ba."

"Ai shi ya sa na rubuta da manyan baƙaƙe."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, mu duka. Ungo makulli, in ka tashi ka rufe mini shago. Ka ɗan ɗaga ƙyauren sama kafin ka murɗa, yana cijewa."

"Shekara nawa ke nan kana cewa za ka gyara shi?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushin nan. "Sai an kwance, Tela."