Katin da Aka Ce Ya Ishi Mace

A cikin takaba na fara kunna kwamfutar mijina. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ba fita, ba makaranta, yini ya yi mini tsawo. A cikinta na tarar da wani wasa na tuƙa jirgin sama, ga wata sandar roba a gefe da ake riƙe wa a juya jirgin. Shi kansa marigayin bai iya ba, ya saya ne ya ajiye. Na faɗo da jirgi a gonaki, na faɗo da shi a teku, na kifa shi a kan rufin gidajen mutane. Kafin in fita takaba na iya tashi, na iya juyawa. Sauka ce ta gagare ni.

Da aka zo rabon gado na ce a sa mini kwamfutar a cikin kasona. 'Yan'uwansa suka ɗauka kewa ce, suka bar mini ba musu. Na naɗe ta a bargo na taho da ita gidanmu na Dukawuya, na ajiye ta a ɗakin da na yi 'yanmatanci, na koma aikina na koyar da lissafi a makarantar 'yan mata.

Shekarun nan ne da sojoji suka koma bariki, farar hula suka gama zango ɗaya suka shiga na biyu. Kaya na ta shigowa gari, wayar hannu ta shiga aljihun kowa, shagunan intanet sun buɗe har a cikin lunguna. Allon kwamfutar, mai ƙaton ƙeya kamar tsohuwar talabijin, ya fara rinewa ja. Na yi albashi na sayi sabo, siriri mai faɗi. Na kunna ina murna, sai na ga abin ya ƙara lalacewa. Hoton ya baje ya yi dishi-dishi, agogunan da ke gaban matuƙi suka zama kamar an shafa musu mai, ban iya karanta tsayin jirgi ko gudunsa. Idan na shiga saiti na ƙara kaifin hoton yadda allon yake so, komai ya fito garau, amma jirgin ya riƙa tsayawa yana fizga. Ina dab da titin sauka sai hoton ya daskare, kafin ya dawo na riga na daki ƙasa.

Bayan an tashi daga makaranta nakan biya wani shagon intanet a Shahuci in karanta abin da masu irin wannan wasa suke rubutawa. A nan na gane cewa a cikin kwamfuta akwai wani kati da aikinsa shi ne zana hoto, kuma nawa ya yi wa sabon allon ƙanƙanta. Na gane kuma ba kowane kati ne zai shiga kowace kwamfuta ba. Akwai gurbi na da, akwai na yayi, kuma manyan katuna suna shan wuta fiye da abin da ƙaramin akwatin wuta zai iya bayarwa. Na ari sukundireba na kwance murfin. Ƙura ce fal a ciki, har da saƙar gizo. Gurbina na da ne, ruwan ƙasa. Akwatin wutar kuma matsakaici ne, na karanta ƙarfinsa a jikinsa na haddace.

A haka Yayana ya same ni ranar wata Juma'a, ina zaune a tabarma, cikin kwamfuta a buɗe, notuna a cikin murfin kwano. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba, ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuma mutum ne mai kula da mu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo.

"Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace, Yaya. Kati zan canza mata."

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya ya kira Inna daga tsakar gida, kamar mai neman shaida.

"Inna, kin ji. Mace da girmanta, malamar makaranta. Da firji ta saya ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo, kowa zai ce ta yi tunani. Yau idan manema suka ji cewa tana ɗaki tana wasan yara, me za a ce?"

Inna ta ce, "Ka bar ta. Kayan mijinta ne, tana rage zafi."

Wannan ta fi yi mini ciwo a kan maganar Yaya. Na yi kukan mijina, ina kuma yi masa addu'a har gobe, amma ba zan ɓuya a bayan kabarinsa don a ƙyale ni ba.

Na ce, "Inna, ba don shi nake yi ba. Wasan nake so. Ina so in saukar da jirgin nan lafiya, kuma ina so in ga titin tun daga nesa."

Yaya ya ce to ba zan je Sabon Gari ni kaɗai ba, shi zai kai ni. Na san abin da ya hango: mai shago zai rikita ni da Turancin sana'a, in ji kunya in haƙura.

Ranar Asabar na naɗe kwamfutar a zane, na ɗauki allon da sandar, na sa a bayan motarsa. Ya ce kayan mene ne haka, ba kati kawai za a saya ba? Na ce ba zan sayi abin da ban gani yana aiki ba.

Shagon ƙarami ne, a saman bene, zafi kamar gidan burodi. Mai shi wani dattijo ne mai fara'a, ya tare mu da kujeru. Na gaishe shi na faɗi abin da nake nema, ya amsa gaisuwar, sai ya juya wajen Yaya.

"Alhaji, na yara ne ko na ofis?"

Yaya ya nuna ni da haɓa. "Nata ne."

Mai shagon ya yi murmushi, ya ɗauko wani ɗan siririn kati ba fanka a jikinsa. "To wannan ya ishi mace. Za ta yi rubutu, ta kalli hotunan biki, ba ruwanta da matsala."

Na karɓa na juya shi na duba. Ƙanin wanda ke cikin kwamfutata ne. Na ajiye masa a kan tebur.

"Malam, ni nake saye, ni za ka yi wa magana. Wasan jirgi nake yi a wannan allon, kuma ina so ya cika shi da kaifinsa na asali ba tare da fizga ba."

Yaya ya gyara zama ya kalli taga. Mai shagon bai ji haushi ba, sai ma ya zaburo. Ya shiga ciki ya fito da wani ƙaton kwali mai hoton dodo, ya zaro kati mai tsawon tafin hannu biyu, da fanka kamar ta mota. Ya ce wannan shi ne ƙarshen zance, samarin unguwannin masu kuɗi shi suke rububi. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Na riƙe shi na ji nauyinsa. Amma haƙoransa na sabon gurbi ne, ba zai shiga tawa ba. Ya ce ai sai a canza babban faifan da gurbin yake jikinsa gaba ɗaya, da ƙwaƙwalwar, da akwatin wutar.

Na ce, "Sai a bar mini murfin kawai kenan. Kuma a cikin gari nake, wutarmu ba ta da ƙarfi, ƙaramin inji muke tayarwa. Wannan zai kashe shi."

Na gaya masa irin wanda nake so: mafi ƙarfi a cikin masu shiga tsohon gurbi, mai fanka, wanda akwatin wutata zai ɗauka. Ya ce sababbinsu sun ƙare a kasuwa, sai dai na gwanjo da ake kawowa daga Turai. Ya aika maƙwabcinsa ya kawo guda biyu a leda.

Na kwance zanen, na jona komai a kan teburinsa, na sa na farko da hannuna. Hoton ya fito tangaran. Mai shagon ya tafa hannu ya ce shi kenan. Na ce a dakata, kati sai ya yi zafi ake sanin halinsa. Na tayar da jirgi na shiga gajimare. Masu shagunan kusa suka fara leƙowa, wani ya kira wani, ƙofa ta cika da maza suna kallon mace da hijabi riƙe da sanda. Ina jin wani yana cewa ikon Allah, wani yana dariya ƙasa-ƙasa. Yaya ya sunkuyo ya ce mini a kunne in yi wa girman Allah in gama mu tafi. Gumi yana bin bayana, amma ban ɗaga kai ba. Can sai wasu korayen layuka suka fara tsaga sararin sama, fukafukan jirgin suka yi tsini kamar ƙaya. Mai shagon ya matso ya duba, ya ce gaskiya wannan ya gaji, ya cire shi da kansa.

Na biyun ba shi da kyan gani, fankarsa tana ɗan kuka. Na ba shi lokaci fiye da na farko. Bai tsaga ba, bai fizga ba. Na karanta agogunan ɗaya bayan ɗaya, ƙananan lambobin duk sun fito. Na hango titin sauka tun yana kamar zare. Na so in sauka a gabansu, na kuma gwada, amma na zo da gudu ya yi yawa, jirgin ya yi tsalle ya fita daga titi ya tsaya a ciyawa. Aka yi dariya sosai. Na ce a naɗe mini wannan, shi zan ɗauka.

Da muka shigo cikin gari Yaya ya juyo kaina. Ya ce na tsinka shi a gaban mutane. Na ce ban zagi kowa ba, ban ci bashin kowa ba, kaya na gwada na saya kamar yadda yake zura hannu a buhun gero kafin ya biya. Ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce, ya kuma ɗauki lokaci bai zo cin tuwon Juma'a ba.

Ɗakina na ƙasa ne, yana da sanyi, duk da haka da bazara katin yakan yi zafi. Na bar murfin gefe a buɗe, na juya masa fankar tebur, ni kuma in yi ta fifita da mafici. A cikin makon da na sayo shi na yi saukata ta farko lafiya, da la'asar sakaliya, ba kowa a ɗakin. Na zauna ina jin kukan injin jirgin yana mutuwa, sannan na tashi na ɗora sanwar dare.

Labari ya zaga unguwa, an ƙara masa gishiri. Wasu suka ce finafinai nake kallo, wasu suka ce rasuwar ce ta taɓa ni. Bayan ƙaramar salla wani Alhaji mai shagon yadi ya fito neman aurena. Mutumin kirki ne, mun yi zance a zaure sau da yawa, har na fara sabawa da shi. Wata rana ya ce ya ji labarin na'urar, kuma shi ba ya hana mace nishaɗi, amma idan an ɗaura zai fi so a bar ta a nan, ko a ba yaran gida.

Na tambaye shi ko ya taɓa ganin abin da nake yi da ita. Ya ce a'a, ba sai ya gani ba. Na ce ya shigo, Inna tana nan, ya gani da idonsa, in akwai saɓon Allah a ciki ya nuna mini in bari. Ya yi dariya ya ce shi ya wuce shekarun wasa.

Na ce, "To Alhaji, duk gidan da zan shiga, da ita zan shiga."

Ya ce in yi shawara da manya. Na ce na yi. Ya sa takalmansa, muka yi sallama cikin mutunci, bai sake dawowa ba. Inna ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice. A rana ta uku ta leƙo ɗakina ta ce in rage ƙarar jirgin nan, za ta yi walaha.